Mai Katifa da Audugar Sama

Matso nan kusa, jawo kujerar can ka zauna. In ka ɗora wani abu a wuta, je ka sauke tukuna, don labarin nan ba ya son a tashi a tsakiyarsa. Labarin wani dattijo ne mai ɗinkin katifa, da matarsa, da wani tari da ya zauna musu a ɗaki shekara uku cur ba su san ta ƙofar da ya shigo ba.

Shagonsa na can ƙarshen layin teloli, inda kwalta ta ƙare. Mai Katifa kowa ke ce masa, har 'ya'yan cikinsa in za su yi wa baƙo kwatance. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gira da gemu fari fat. Tun yana ɗan shekara talatin ake masa gaisuwar tsofaffi, don auduga ta riga furfura isa kansa. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kawun kuwa da zai rasu bai bar masa gida ko gona ba. Basilla ya bar masa, da sanduna biyu na bugun auduga, da doka guda: ba a taɓa auduga sai an ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Wannan doka bai taɓa karya ta ba, ko da zafi zai kashe shi.

Da ka ga aikinsa da ka so shi. A kawo masa tsohuwar katifa ta kwanta ta yi tauri kamar daɓe, ya farke ta, ya zazzage audugar ya baza a rana. In ta sha rana ya shigo da ita, ya bi ta da sanduna, fat, fat, fat, har ta farka ta kumbura. Sai ya ɗura ta a sabon yadi, ya bi da basilla yana ƙulle-ƙulle don kada ta gudu gefe guda. Yakan ce wa masu kawo aiki, “Ku dai ku yi ta yawonku da rana. In dare ya yi duk hannuna za ku dawo.”

To, ga wani abu da sai mai sana'ar ya san shi. In ana bugun auduga, mai nauyin takan faɗo ƙasa, amma akwai wata 'yar siririya mara nauyi, kamar hayaƙi, da ke tashi ta maƙale a katakon rufi. Audugar sama suke ce mata. Ba a mayar wa mai kaya da ita, don a wuni guda ba ta cika tafin hannu. Ta wanda ya yi bugun ce. Yawancinsu sharewa suke su zubar. Shi kuwa Mai Katifa, in ya tashi aiki da yamma, sai ya hau benci ya tsince ta a hankali, ya dunƙule, ya sa a aljihu. In ka taɓa ta sai ka rantse ba ka taɓa komai ba don laushi.

Ta matarsa ce. Unguwa duk Inna ake ce mata, amma shi har yau, da jikoki bakwai, “yarinyar nan” yake kiranta. A satin da aka kawo ta ta ce wuyanta na ciwo, shi ne ya ɗinka mata matashin kai. Tun daga ranar duk ƙarshen wata sai ya farke kusurwa ɗaya, ya ƙara abin da ya tara, ya mayar da ɗinki. Shekara talatin da takwas ke nan. Ya sake wa matashin riga ya fi sau goma, amma cikin bai taɓa zubarwa ba. Mutum ne da bai iya daɗin baki ba, bai taɓa ce mata ta yi kyau ba, sai dai ya shigo ya ce, “Miƙo matashin nan in gani.” Shi kansa a kan hannunsa yake kwana, wai matashi na sa masa mafarki.

Ana nan sai katifar soso ta shigo. Wani ya buɗe babban shago a bakin titi, ya jera su cikin leda suna walƙiya, amare da angwaye duk suka koma can. Mai Katifa in ya zo wucewa sai ya kau da kai. “Soso na wanke kwano ne,” in ji shi. Amma ciki ba ya jin gardama. Aikin sabuwar auduga ya ɗauke ƙaf, sai gyara, gyaran ma na katifun da aka jawo daga ɗakin ajiya, waɗanda suka sha danshi, wasu sun girmi masu kawo su. Haka yake farke su ya buga, haka kuma yake hawa benci da yamma.

A wannan tsakanin tarin ya fara. Da fari kamar mura. Sai ya zama in Inna ta tashi da safe ƙirjinta a toshe, kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta yi ta kakari, majina ta ƙi fita. In ka zauna kusa da ita sai ka ji wani siririn kuka a ƙirjin, kamar ɗan mage a cikin kwali. Mai shanya kayan gida duka ba ta huta ba, ta koma sai ta shanya zani biyu ta dafa bango. Kullum ita ke kai masa abincin rana shago da ƙafarta. Wannan ma ya gagara.

Ka san mutane, ciwon wani kasuwar likitocin unguwa ce. Wata ta ce sanyi ne, aka hana ta ruwan randa. Wani ya ce hayaƙin gawayi ne, Mai Katifa ya daure ya sayo ɗan murhun gas. Aka ce maganin sauro na kunnawa, aka daina, aka ɗaura gidan sauro. Turare ya tafi. Kyanwarta ma, wadda ba ta ci ba ta sha ba, aka ba maƙwabta. Mai kemis ya ba da ruwan maganin tari kala-kala, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, kowanne ya yi kwana biyu ya gaji. Asibiti kuwa Inna ta ce ba za ta je a tara mata mutane a kan tari ba.

Shi ma Mai Katifa ya kawo nasa maganin, irin wanda ya iya. Ya lura in ta kwanta miƙe numfashin ya fi sarƙewa, in ta kishingiɗa takan ɗan samu sauƙi. Sai ya ɗinka mata matashi na biyu. Da bai isa ba ya ƙara na uku. Ya daina jiran ƙarshen wata, duk sati yake farkewa ya ƙara, har yakan roƙi wani mai irin sana'arsa ya tara masa tasa audugar saman. Ya gina mata tudu mai laushi, ta nutse a ciki har kunnuwa. Tari kuwa sai abin da ya yi gaba.

Sai Autarsu, wadda ke aure a wani gari, ta haihu. Mijinta ya zo da mota ya ɗauki Inna ta je ta zauna musu. Jaka ta cika, aka bar matasan.

Kwana goma da tafiyarta ya kira ta a waya, ya ji muryar kamar ta wata. Ta ba shi labarin jariri tun daga kai har ƙafa ba ta tsaya ta ja numfashi ba. Ya ajiye waya yana murna, ya tsallaka ya gaya wa Dogo, telan da shagonsa ke kallon nasa, abokinsa tun suna samari.

Dogo bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. “An kori gawayi, an kori turare, an kori kyanwa. Me ya rage a gidan da ba a kora ba?”

“Me?”

“Kai mana. Baiwar Allah ta huta da kallon wannan gemun, dole ƙirji ya buɗe.”

“Kai da matarka ke sa auduga a kunne in za ka fara labari? Ni nake sayar mata.”

Suka yi dariya. Amma da ya koma shago, maganar ta bi shi ta zauna. Ya dubi hannuwansa, ya dubi rigarsa. In fa gaskiya ne? In iskar gidansa ce, ko shi kansa, to samun lafiyarta na nufin ta zauna can, shi nan. Shekara talatin da takwas bai taɓa cin abinci shi kaɗai sati biyu a jere ba. Ya rasa abin da zai yi da wannan tunani, sai ya yi abin da ya saba. Ya ɗauko matashin farko, ya ƙara masa auduga, ya ɗaure a leda, ya kai tasha ya ba direba. “Ka ce mata na san wuyanta na ciwo, ba za ta faɗa ba ne.”

Kwana uku tsakani Auta ta kira. “Baba, tarin Inna ya dawo, har ya fi na da. Gobe zan kai ta asibiti ko tana so ko ba ta so. Ka zo.”

Zan gaya maka abin da bai gaya wa kowa ba sai daga baya. A cikin tashin hankalin, wani ɓangare na zuciyarsa ya yi sanyi: ashe ba shi ba ne, tunda ga tarin ya dawo alhali shi ba ya kusa da ita. Ya ji kunyar wannan sanyin har cikin mota.

A asibitin aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki, aka sa ta hura wani bututu. Sai bayan azahar suka shiga wajen likita, wata matashiya mai tabarau, wadda ba ta fi Auta ba. Ta sa su zauna su uku, ta juya takardun.

“Baba, Inna, ku kwantar da hankali tukuna. Ba tarin fuka ba ne. Zuciya ma lafiya lau, don wani lokaci ita ke gajiya ruwa ya taru a huhu. Shi ƙirji kukansa ɗaya ne, amma masu sa shi kukan suna da yawa: mura, ƙwayar cuta, hayaƙi, asma, har abincin da ke tasowa daga ciki yakan sa tari. Na Inna, hanyoyin iska ne suka kumbura suna tara majina. Alama akwai abin da take shaƙa wanda jikinta ba ya so. Shi za mu nema. Da me ake girki?”

“Gas,” in ji Mai Katifa.

“Akwai mai shan taba?”

“Allah ya kiyaye.”

“Kaji, tattabaru, kyanwa? Bango mai danshi?”

“Duk babu, 'yata. Abin da aka ce mu kora mun kora.”

Likita ta dubi Auta. “Kin ce ta samu sauƙi a wajenki, sannan ya dawo. Me ya sauya a satin nan?”

Auta ta buɗe baki. Mai Katifa ya ga hannun Inna ya sauka a gwiwar yarinyar ya matse. “Ba abin da ya sauya, likita,” in ji Inna. “Tsufa ne kawai.”

“To, a kan me kike kwana?”

Nan fa aka zo gonarsa. Ya gyara zama, fuska ta washe. “Ai wannan ni za ki tambaya. Ko matar mai kuɗi ba ta ɗora kai a kan irin abin da yarinyar nan ke ɗorawa.” Ya shiga ba ta labari: yadda ake buga tsohuwar katifa, yadda mai laushin ke tashi sama, yadda yake tsinta, shekara nawa bai zubar da ko ƙwaya ba, yadda ya ƙara biyu da ciwon ya tsananta. “Ko a satin nan sai da na aika mata da guda, don na san...”

Bai ƙarasa ba. Ya ga biron likita ya tsaya. Ya ga Auta na kallon silin. Inna kuwa ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido kamar yau ta fara ganinsu. Shi da kansa ya lissafa kwanakin, daga tasha zuwa wayar Auta.

Likita ta cire tabarau. “Baba, in kana bugun, me kake yi wa hancinka?”

“Ɗaurewa nake.”

“Don me?”

Don me kuwa? Don kada abin da ke tashi ya shiga ƙirji. Abin da ya wuni yana kare kansa daga gare shi, shi yake tsintowa da yamma ya kai ƙarƙashin hancin matarsa.

“Tsohuwar auduga tana riƙe ƙura da fumfuna,” in ji likita a hankali, “da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Mafi laushin ita ta fi nisa a cikin ƙirji. Wani zai shaƙa bai ji komai ba, wani jikinsa ba ya ɗauka, balle in shekaru sun ja. Ban ce shi kaɗai ba ne, amma da shi za mu fara. A raba ta da matasan, da katifar in ta auduga ce. Ga maganin shaƙa, ta dawo bayan wata guda. Kai ma matso in saurari naka ƙirjin.”

Ya ɗaga riga kamar yaro. Ta ce nasa da sauƙi, kawunsa ya yi masa gata.

A benci na baranda suka zauna, Auta ta tafi karɓo magani. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

“Kin sani,” ya ce.

“Sani na Allah ne, Malam. Zato dai na yi.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ka ɗinka na biyu. Na ga ranar da ka ƙara sabuwa, washegari na fi jin jiki.”

“Shekara biyu. Kina kallo aka kori kyanwa.”

“Ita kyanwar ai ta samu gidan da ake cin nama.”

Bai yi dariya ba. “Me ya hana ki faɗa?”

Ta ja numfashi, ƙirjin ya yi ɗan kukansa. “Aiki ya tafi wajen mai soso. Kana dawowa ba ciniki, kafaɗa a sauke. Amma in ka sa hannu a aljihu ka fito da 'yar audugar nan, sai in ga mutumin da na aura. In ce maka ita ma cuta ce? Da me zan bar ka?”

“Da ke za ki bar ni,” ya ce. “Ke nake nema, ba auduga ba.”

A iya sanina, wannan ce magana mafi daɗi da ya taɓa gaya mata, kuma cikin fushi ya faɗe ta. Ya tashi ya ce ta zauna wajen Auta sai ya aiko.

Kwana huɗu ya yi yana aikin ɗakin. Ya fitar da katifarsu, wadda ya ɗinka da hannunsa, da matasan duka. Ya wanke bango da ƙasa, ya sauke labule ya dafa ruwa ya jiƙa. Ya kafa ƙusa a shago inda zai riƙa rataye kayan aiki, ya ajiye bokiti, don kada ya ƙara shiga gida da rigar bugu. A rana ta biyar ya sa hularsa mai kyau ya nufi bakin titi.

Mai soso ya gan shi a ƙofa ya miƙe tsaye, ya ɗauka faɗa aka zo. Mai Katifa ya bi katifun ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da gwiwar hannu, yana taɓe baki. Ya zaɓi guda, da matashi biyu.

“Baba, a kai maka gida a mota?”

“Ni na saya, ni zan ɗauka.”

Hanyar gidansa kuwa dole ta layin teloli. Ka ƙiyasta: Mai Katifa, da rana tsaka, da katifar soso a ka, tana lanƙwasa gaba da baya. Kekunan ɗinki suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Ya iso daidai shagon Dogo ya rage tafiya, yana jiran abin da zai fito daga bakin nan. Dogo ya cire tef daga wuya, ya fito, ya kama ƙarshen katifar ta baya.

“Sauke mu riƙa tare,” ya ce. “Wuyanka gajere ne, kada ya ƙarasa shigewa.”

Soson kawai ya yarda da shi daga aikin kamfani. Rigar katifar da ta matasan shi ya ɗinka, da yadi mai matsattsen saƙa wanda za a iya cirewa a wanke duk sati. Sannan ya aika wa Inna ta dawo.

Ba zan ce maka ta warke sarai ba, don ƙarya ba kyau. Maganin shaƙarta na nan a bakin zaninta, in hadari ya haɗo takan nemi shi. Amma dutsen ya sauka daga ƙirjin. Kullum da safe sai ta yi ƙorafin soson, wai ba shi da ladabi, in ka danna shi sai ya danno ka. Shi kuwa Mai Katifa gaisuwa kawai ke haɗa su. Fushin bai sake shi ba, kuma bai san ko da ita yake yi ko da kansa ba.

Ranar da ta cika wata guda da dawowa, yana tsakiyar bugu da azahar, ya hango wata mata tafe daga farkon layi da kwano a hannu. Tafiya take a hankali, amma ba ta dafa bangon kowa ba. Ya jefar da sanduna ya fito ya tare ƙofa da hannu biyu, ƙyalle a hanci.

“Tsaya nan. Kada ki matso.”

“Shagon mijina ne.”

“Mijin ya hana. Dogo, ba ta kujera.”

Dogo ya kakkaɓe benci ya ajiye a ƙofarsa. “Zauna, amarya. Dama na daɗe ina gaya miki nan ɓangaren ya fi iska mai kyau.”

Mai Katifa ya wanke fuska da hannuwa a bokiti, ya sauya riga, sannan ya tsallako. Ya zauna a ƙarshen bencin, ya ɗan karkata kunne wajenta kamar ba da gangan ba. Bai ji komai ba sai numfashi, shiga da fita.

“Sau nawa kika huta a hanya?”

“Sau ɗaya. Shi ma gaisawa na tsaya yi.”

Ya buɗe kwanon. Ya ɗauki cokali, ya dube ta ta gefen ido. “Yarinyar nan, daga yau ko ruwan da na ba ki ne ya shaƙe ki, ki faɗa.”

“To, Malam. Tunda ka ce haka, gishirin da kake sawa a abinci in ina kwance ma ya yi yawa.”

Dogo ya kifa kai a kan keke yana dariya. Miji da mata suka ci daga kwano ɗaya a ƙofar shagon wani.

Har yau in zancen ya taso ba su daidaita ba. Shi yana cewa laifinta ne da ta yi shiru shekara biyu tana shaƙar cuta don kada ransa ya ɓaci. Ita tana cewa ba laifin kowa, in ma akwai to ta yafe wa kanta. Dogo ya ce a kai su duka biyun a duba musu kai. To kai da ka zauna ka ji daga farko, in kai ne a kan tudun matasan nan, kana ganin hannun da ke shiga aljihu kowace yamma, a wace rana za ka buɗe baki?